Yadda Ake Kula da Tsohuwar Jif Mai Fowil da Gyara Ta a Gida

Ba kasafai inji ke kashe tsohuwar jif ba. Injunan dizal da aka ɗora wa waɗannan motoci, irin 1HZ mai lita 4.2 da ke cikin Toyota Land Cruiser, da TD42 na Nissan Patrol, da 300Tdi wanda Land Rover ya fara sakawa a Defender a 1994, an ƙera su ne da juriya da sauƙin fahimta, kuma muddin suna samun mai da ruwa a kan kari, suna cin ɗaruruwan dubban kilomita ba a buɗe cikinsu ba. Abin da ke durƙusar da motar yana ƙarƙashinta ne: aksil, wato gatarin da ke juya tayoyi, da ya sha ruwa, da farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil, da ta bushe babu giris, da shasi da tsatsa ta cinye a inda laka ta daɗe a kwance. Mai mota yakan buɗe bonet kowace safiya, amma sai ya shekara bai taɓa kwanciya ƙarƙashinta ba. Don haka wannan bayani zai wuce inji da ɗan sauri, ya daɗe a ƙasa, inda aikin yake.

Shirin farko

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, nemi littafin gyara na ainihin samfurin motarka da shekararta, domin a nan ne za ka ga yawan man da kowane sashe ke ɗauka, da irinsa, da ƙarfin da ake ɗaure kowane noti. Sannan ka tanadi sufanu da soket, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, da bindigar giris, da ɗan famfon hannu na ɗura man giya, da mitar auna wuta, da fitila, da faffaɗan kwano na tarar mai, da man fesawa mai sassauta tsatsa. Notin da ka san za ka kwance gobe, fesa masa wannan mai tun daren yau, domin kusoshin tsohuwar mota da gaggawa ake karya su.

Maganar tsaro ba ta da sassauci. Jif tana kai tan biyu ko fiye, kuma jak ɗaga mota kawai yake yi, ba a kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Tsayar da ita a kan daɓe mai ƙarfi kuma miƙaƙƙe, ka ja hambirki, ka saka giya, ka tare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya, sannan ka ɗora nauyin a kan matokaran ƙarfe da aka yi domin wannan aiki. Kada ka yarda da bulo, domin yana rugujewa ne farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Idan ka gama tokarewa, girgiza motar da ƙarfi tun kana tsaye, ka tabbatar ba ta motsi.

Mataki na ɗaya: wanki da dubawa

Fara da wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi, musamman cikin ramukan shasi, da bayan tayoyi, da saman tanki, da inda sifirin ke haɗuwa da shasi. Laka tana riƙe danshi, danshi kuma shi ke kiwon tsatsa. Bayan ta bushe, yi 'yar gajeriyar tafiya, ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe kwalin zai faɗa maka inda take yoyo: baƙin ɗigo na inji ne, mai kauri mai warin ƙibiritu na giya ne ko aksil, ja na sitiyari ne ko giyar otomatik, kore ko ruwan hoda mai santsi kuma ruwan lagireto ne. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsabta, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake, har ɓawo ya riƙa zubowa. Tsatsar sama ana kankare ta a shafa maganin tsatsa da fenti, amma idan gudumar ta huda, wannan aikin mai walda ne, kuma ya riga duk wani gyara muhimmanci.

Mataki na biyu: inji

Canza baƙin mai yayin da injin ke da ɗumi, domin a lokacin ne yake fita da dauɗarsa. Tsofaffin injunan dizal suna son mai kamar 15W-40, kuma ga motar da ke shiga ƙura da yashi kilomita 5,000 ya isa, tare da sabuwar filta a kowane canji. Shafa ɗan mai a robar sabuwar filtar, ka ɗaure ta da hannu kawai, ka kuma sa sabuwar washa a notin ƙasa. Filtar iska ka riƙa duba ta fiye da yadda littafi ya ce idan kana bin hanyoyin ƙura. Idan ka cire ta, goge cikin gidanta da tsumma mai danshi, ka leƙa bututun da ke shiga inji: ƙura a wannan bututu alama ce cewa akwai inda iska ke shiga ba tacewa, kuma wannan ƙura ce ke cinye ringi.

A ƙasan filtar dizal akwai ɗan makunni na zubar da ruwan da ya taru. Buɗe shi har mai tsantsa ya fara fitowa. Idan ka canza filtar, iska za ta shiga layin, sai ka sassauta notin fitar da iska ka yi ta danna famfon hannu da ke samanta har kumfa ya ƙare. Kada ka taɓa laluben yoyon bututun nozil da hannu injin na aiki, domin man yana fita da matsin da ke huda fata.

Zafi shi ne babban maƙiyin waɗannan injuna. Ba a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce sarai. Matsa kowace tiyo da hannu. Wadda ta yi laushi kamar soso, ko ta kumbura a bakin maɗauri, ko ta bushe ta tsattsage, canza ta. Ruwan sanyaya ana haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta, ana kuma sabunta shi duk shekara biyu, domin sinadarin da ke hana tsatsa a cikinsa yana ƙarewa. Yana da zaƙi kuma guba ne, don haka kada a bar shi a buɗe inda yara ko dabbobi za su kai gare shi. Wanke lakar da ta toshe idanun lagireto daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Ban goyi bayan cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, ba kamar yadda wasu ke yi idan mota ta fara zafi, domin hakan ɓoye ciwon yake yi, kuma injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai yana kuma saurin lalacewa.

Akwai abu ɗaya da ba a yi masa jinkiri, wato taimin bel, bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin. A tsofaffin 1HZ ana canza shi a kilomita 100,000, har akwai fitilar tunatarwa a dashbod, kuma 300Tdi ma da bel yake aiki, sabanin TD42 wanda haƙoran ƙarfe ke juya nasa. Idan bel ɗin ya tsinke injin na gudu, tsarin bawul da fistin ya wargaje, ɓarnar kuma babba ce. Idan ka sayi mota ba ka san ranar da aka canza shi ba, ɗauka cewa lokacinsa ya yi.

Mataki na uku: man giya da na aksil

Motar fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, tana da wurare huɗu masu riƙe man giya: babbar giya, da ƙaramar giya mai raba ƙarfi zuwa gaba da baya, da aksil na gaba, da na baya. Kowanne yana da noti biyu, na cikawa a gefe da na zubarwa a ƙasa. Ƙa'idar da nake so ka riƙe ita ce, kwance na cikawa tukuna. Na koyi wannan ne da wahala a wata ranar da na zubar da man aksil na baya kaf, sannan na je kwance na sama na tarar tsatsa ta kama shi, bakinsa kuma ya riga ya goge saboda sufanar da ba daidai ba da wani ya taɓa sa masa. Motar ta kwana biyu a kan matokarai kafin aka yi wa notin walda aka fitar da shi. Da na fara da shi, da man yana ciki, da na iya tuƙa ta zuwa inda za a gyara.

Idan man ya fara zuba, kalle shi da kyau a hasken fitila. Lafiyayye yana da launin zuma ko ruwan ƙasa. Idan ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. Dalilin kuwa shi ne, aksil yana zafi a tafiya, idan ya tsunduma cikin ruwa sai ya huce nan take, iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta ɗan hancin numfashi da ke samansa, ko ta sil, wato robar da ke hana mai yoyo, idan hancin ya toshe. Man da ya haɗu da ruwa ba ya kare haƙora da boris, kuma cikin 'yan makonni tsatsa za ta yi musu tabo. Saboda haka duk ranar da ka ratsa ruwa mai zurfin da ya kai tsakiyar taya, duba man aksil da zarar ka dawo. Gyaran dindindin mai sauƙi ne: cire hancin, ka sa masa doguwar tiyo, ka ja ta zuwa sama cikin bonet, ka ɗaura ƙaramar filta a bakinta, kana barin isasshen sako-sako domin aksil ya samu hawa da sauka.

Yawancin notin zubarwa suna da maganaɗisu a kansu. Laushin garin ƙarfe mai kama da toka ba abin damuwa ba ne, goge shi kawai. Amma idan ka ga gutsattsari masu kaifi da ake ji a yatsa, wani haƙori ko boris ya fara karyewa, kuma gara a buɗe tun yanzu. Mayar da notin, ka ɗura sabon mai da famfo har ya fara dawowa ta bakin ramin cikawa, motar tana tsaye daidai ba a karkace ba.

Kada ka ɗauka mai ɗaya ne ke shiga ko'ina. Aksil yawanci GL-5 yake so, kamar 80W-90. Wasu manyan giyoyi kuwa GL-4 aka rubuta musu saboda zoben tagulla da ke cikinsu, giyar LT77 ta tsofaffin Land Rover ma man giyar otomatik take sha duk da cewa ta hannu ce. Aksil mai na'urar rage sulɓin taya yana da nasa man na musamman, idan ba a sa shi ba za ka ji yana ƙara a kwana. A nan ne littafin motar ke biyan kuɗinsa.

Mataki na huɗu: giris

Bi farfela ta gaba da ta baya ka nemo 'yan kawunan da ake cusa giris, waɗanda makanikai ke kira nifil. Goge kowanne kafin ka ɗora bindiga, don kada ka tura yashi ciki da hannunka. A kuros, wato mahaɗar nan mai siffar gicciye, ci gaba da dannawa har sabon giris ya leƙo ta dukkan kusurwoyi huɗu. Idan kusurwa ɗaya ta ƙi fitarwa, ta bushe, kuma ita ce za ta fara lalacewa. A wurin da farfela ke zamewa tana tsawo tana gajarta kuwa, dannawa biyu ko uku ta wadatar, domin idan ka cika shi maƙil ba zai iya tsukewa ba, sai ya riƙa dukan boris na ƙaramar giya. Kama farfelar da hannu biyu ka murɗa, ka ɗaga, ka sauke. Duk wani ƙas-ƙas, ko jan garin tsatsa a gefen kuros, na nufin canji. Kafin ka kwance farfela, yi mata alama da fenti a mahaɗarta domin ta koma yadda take, in ba haka ba za ka samu kakkarwa da babu ita a da.

Motocin da ke da miƙaƙƙen aksil a gaba suna da wata gwiwa mai siffar ƙwallo a bayan kowace taya, a cikinta kuma akwai mahaɗar da ke ba taya damar juyawa tana kuma ja. Wannan gwiwa giris mai sinadarin moli take so a motocin Toyota, kuma wani sil ne a ciki ke raba shi da man aksil. Idan sil ɗin ya gaji, man ya tsallako ya narkar da giris, za ka ga baƙin ruwa mai kauri yana gangarowa ta cikin taya, man aksil kuma yana raguwa. Ƙara giris a wannan hali ɓata lokaci ne. Sai an kwance gefen gaba ɗaya, an wanke komai, an sa sabon sil da gaskit da boris. Mai haƙuri zai iya yin wannan a gida cikin yini ɗaya ko biyu, da sharaɗin ya yi gefe ɗaya ya gama kafin ya taɓa ɗayan, ya jera kayan a kan kwali bi da bi yadda ya cire su, ya kuma ɗauki hoto a kowane mataki. Siraran faranta da ke ƙarƙashin murfin sama da na ƙasa na gwiwar kada a cuɗanya su, kowanne ya koma inda ya fito, domin su ke daidaita aksil a tsakiyar sil. Idan kuma kana jin ƙas-ƙas-ƙas yayin da ka karya sitiyari ƙarshe cikin fowil, mahaɗar kanta ce ta cinye.

Mataki na biyar: boris, sitiyari da birki

Ɗaga tayar gaba, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Idan akwai motsi, sa wani ya taka birki ka sake gwadawa: idan motsin ya ɓace boris ne, idan yana nan to boris na gwiwa ne ko bol-join. Sannan kama ta dama da hagu, nan kuma tairod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, kake gwadawa. Boris na waɗannan motoci ana wanke shi, a cusa masa sabon giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen, a mayar a daidaita shi da noti biyu da washa mai kunne. Za ka buƙaci babban soket, milimita 54 a Land Cruiser, 52 a Defender. Kada ka yarda a buga waɗannan noti da kurfi da guduma. Ɗaure notin farko kana juya tayar domin boris ya zauna, ka sassauta, sannan ka sake ɗaurewa da ƙarfin da littafi ya faɗa, ka lanƙwasa kunnen sabuwar washa.

Kakkarwar sitiyari mai tsanani bayan faɗawa rami ba ta warkewa da sabon shokazoba na sitiyari. Nemi asalinta a bushin da suka mutu, da tairod, da boris na gwiwa, da taya marar daidaito.

A birki, duba kaurin fad da layinin, da tiyoyin roba ko sun tsage, da bututun ƙarfe ko tsatsa ta kama su. Ƙurar tsofaffin layinin na iya ƙunsar asbestos, don haka ba a hure ta da iska, da ruwan wankin birki ake sauke ta. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Wajen fitar da iska a fara da tayar da ta fi nisa da masta, wato famfon birki da feda ke turawa, mutum ɗaya na takawa ɗaya na buɗe nifil ɗin fitar da iska da ke kan birkin tayar, kuma kada a bar kofin man ya ƙafe. Idan feda bai yi tauri ba bayan ka gama, motar ba ta fita titi.

Mataki na shida: fowil, taya da wuta

San irin fowil ɗin motarka. Defender da yawancin Land Cruiser 80 suna jan ƙafa huɗu kullum, suna da na'urar da ke raba gudu tsakanin gaba da baya. Patrol da Hilux da Land Cruiser 70 kuwa sai an saka. Irin waɗannan ba a tuƙa su cikin fowil a kan busasshiyar kwalta, domin a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa, kuma idan ƙasa ba ta ba su damar sulɓi ba, matsin yana taruwa a farfela da giya har wani abu ya karye. Idan libar fowil ta ƙi fita, ja da baya a miƙe na 'yan mitoci, za ta saki. Haka kuma barin fowil ba amfani yana kashe shi: sau ɗaya a wata kulle makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, masu haɗa taya da aksil, ka yi 'yan kilomita a kan turɓaya, ka gwada ƙaramar giya, domin mai ya zagaya ko'ina.

Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, cinyewarsu kuma ta yi kusa da juna. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, misali 2318 na nufin mako na 23 na 2018, kuma tsohuwar taya tana fashewa ko da zanenta bai goge ba.

Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 inji a kashe, da 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki. Yawancin rikicin wuta a tsohuwar mota daga wayar ƙasa ce da ta yi tsatsa a inda ta kama bodi ko inji. Kwance ta, ka goge har ƙarfe ya yi haske, ka mayar. A cire kan negatib da farko, a mayar da shi daga ƙarshe, kuma a ɗaure batir sosai don kada gargada ta jefa shi jikin bonet.

Famfon injekta, da buɗe cikin giya, da daidaita haƙoran aksil, da waldar shasi, waɗannan suna buƙatar na'urorin awo da gwanintar da ba a samu a gida, sai a kai wa masu su. Sauran aikin idan ka kammala, sauke motar, ka ɗaure notin taya a gicciye da sufana mai awo, ka tayar da inji ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Yi tafiyar kilomita goma a hankali da gilashi a buɗe kana saurare, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya: ɗumi daidai ne, amma wadda ta fi sauran zafi sosai, boris ɗinta ya matse ko birki na kamawa. Bayan kilomita hamsin sake bin notin taya, sannan ka rubuta kwanan wata da lambar kilomita da irin man da ka zuba a ɗan littafin da ke zaune cikin motar.